Yaya Sulieti da Dodannin Rumbun Kwakwa

Duk tsibirinmu babu wanda ya san dodannin majigi kamar Yaya Sulieti, yayar mijina, kuma babu wanda ya kai ta rashin ganinsu. Sau ɗaya ta taɓa kallon fim daga farko har ƙarshe, tana yarinya, lokacin da wani ɗan kasuwa ya kawo inji garin Pangai ya kafa farin zani a filin makaranta. Ta je da ƙanenta Hingano goye a baya, don uwarsu ta ce ko ta tafi da shi ko ta zauna gida. A fim ɗin akwai wani ƙaton ƙadangare mai ƙaho da ya fito daga tsagin dutse yana bin wasu Turawa masu gajeren wando. Mutane suka watse da ihu, wani tsoho ya jefi zanin da kwakwa. Ita ko gezau. Ta ce tana kallo ta gane ƙadangaren gida ne, irin mai bin bango, aka liƙa masa ƙaho da danƙo aka matso da shi kusa, har gefen ƙahon ya ɗan ɗago. Kuma duk da ta gane, ƙirjinta bai daina bugawa ba. Hingano kuwa barci ya yi ta shara, ya jiƙa mata riga, bai ga komai ba.

Ni Mafi, daga tsibirin Vava'u aka kawo ni gidan, shekaru da yawa bayan wannan. Na tarar da Yaya Sulieti mace ce doguwa, mai kaurin hannu, ba ta dariya sai abin ya kai a yi. Ita ce shugabar matan da ke bugun ngatu, zanen ɓawon itacen da muke shimfiɗawa a biki da makoki. Ranar da na fara zama wajen bugu ta karɓi nawa ta ɗaga shi ga rana, ta ce, "'Yar Vava'u, wannan zane ne ko koma? Kifi za ki kama da shi?" Na yi kuka a bayan gida. Daga baya na gane wanda ba ta so ba ta ma kallon aikinsa.

Mijina Hingano ya yi aikin jirgin kaya tsakanin biranen Suva da Auckland. Ya dawo da Turancin cikin jirgi, rabinsa zagi, da wani tsohon injin majigi da ya saya hannun wani kukun jirgi. Ya karɓi tsohon rumbun da ake tara busasshiyar kwakwa a bakin gaɓa, ya share, ya rataya zanin gadon aurenmu a bango ba tare da ya tambaye ni ba. Fina-finan suna zuwa ne a gwangwani cikin jirgin Nuku'alofa, babban birninmu, kuma mu ne ƙarshen layi. Sai manyan garuruwa sun kalla sun ƙoshi, zaren fim ɗin ya karce ya tsinke an liƙa, sannan ya iso mana. Masu tsadar ba sa zuwa. Abin da ke zuwa shi ne na masu takobi da majajjawa, jirgin ruwan da kana gani ka san a cikin baho aka ɗauke shi, da dodanni.

Tun da ba ma jin Turanci, dole a samu mai tsayawa gefen zani da sanda yana faɗa wa mutane abin da ake ciki. Hingano ne mai inji, shi ne mai fassara, kuma Allah ya zuba masa baki. Ba ya bin abin da Turawan ke cewa, ba na jin ma yana ganewa duka. Sunayen mutanen gari yake raba musu. Mugun waziri ya zama mai shagonmu, matsoracin soja ya zama mai kaɗa ƙararrawar coci, su kuma suna zaune a wurin suna zaginsa ana dariya.

Ranar da aka buɗe rumbun, rana ba ta gama faɗuwa ba ya cika. Ina bakin ƙofa ina karɓar abin da aka kawo, mai kuɗi ya ba da kuɗi, marar shi ya ajiye kwakwa. Sai ga Yaya Sulieti ta sha wanka, ta ɗaura tabarmar ƙugunta ta zuwa coci, irin wadda muke ɗaurawa kan tufafi don girmamawa, ta soka fure a gashi. Ban taɓa ganin ta da fure ba sai ranar. Ta wuce ta zauna cikin mata, can gaba. Ni baƙuwa ce, murna kawai nake yi, su kuma 'yan gari kowa hankalinsa na kan injin.

Aka kunna. Ba a jima ba wata 'yar sarki ta fito kan zani, abin da ke jikinta bai kai ƙyallen goge hannu ba. Hingano ya nuna ta da sanda ya ce, "Jama'a, ga 'yar sarki. Ubanta na da ƙasa, yana da dawaki, kuɗin yadi ne kawai ya gagare shi." Rumbu ya ɗauki dariya. Sai dariyar ta fara mutuwa daga gaba, tana komawa baya, har wurin ya yi tsit. Kowa ya tuna wacce ke zaune.

A wurinmu namiji da 'yar'uwarsa, da zarar sun yi hankali, ba sa zama ƙarƙashin rufi ɗaya inda ake wasan baki ko ake nuna tsiraici. Ba ya shiga ɗakinta, ba ya zama tabarmarta, ba ya sakin baki inda kunnenta zai ji. Kuma ita ce sama da shi. Doyar farko ta gonarsa tata ce, sunan 'ya'yansa ita ke raɗawa, abin da ta ce a gidansa ya zauna. Yaya Sulieti ta tashi ba gaggawa, ta gyara tabarmarta, mata suka janye ƙafafu ta wuce. Hingano na tsaye da sanda a sama, kamar ya nutse.

Da ta iso ƙofa ta tsaya kusa da ni, ba ta kalle ni ba.

"Dodon bai fito ba tukuna ko?"

"Bai fito ba, Yaya."

"To."

Ta tafi, kuma ba ta sake taka rumbun ba sai da gashinta ya yi fari.

Washegari muna wajen bugu, sanduna na tashi suna sauka kan gungume, ta matso da nata kusa da nawa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"'Yar Vava'u, jiya kin tsaya ƙirga kwakwa ne ko kin kalla?"

"Na kalla, Yaya."

"To bakinki ciwo yake?"

Na ba ta labari. Na fara da jarumin, ta ce in bar shi, duk irinsu ɗaya ne, faɗin ƙirji ba kai. Dodon take so. Na ce kaguwa ce ƙatuwa, ta fi coci. Ta ce ƙafa nawa ke motsi? Na ce ban lura ba. Ta yi tsaki ta ce, "An yi asarar ido. Gobe in an sake, ki duba. In ƙafafun gaba ne kawai ke motsi, mutum ɗaya ne a ciki." Na duba. Mutum ɗaya ne, har na hango takalminsa.

Haka muka fara, haka kuma muka tsufa. Duk fim ɗin da jirgi ya kawo sai ya zauna har jirgin ya dawo, a yi ta maimaita shi, ni kuma kowace safiya ina kai mata abin da na gani. Na koyi kallo irin nata. Na san jemagen da aka rataya da zare, na san macijin laka mai tafiya yana tsattsayawa, na san ƙaton da aka sa wa rigar roba har ɗinkin bayansa na buɗewa in ya sunkuya. Duk lokacin da na kawo mata irin wannan sai fuskarta ta saki. Wata rana na tambaye ta, tunda ta san ƙarya ce, me take so a ciki?

Ta ce, "Ke in kin ga ngatu mai kyau, ba bayan kike juyawa ki ga yadda aka haɗa ba? Wani ne ya zauna, ba shi da kuɗi, ba shi da komai, ya ce sai ya tsorata duniya da roba da zare. Wani talaka kuma ya shiga ciki yana gumi don 'ya'yansa su ci. Ina ganin ɗinkin, kuma ina jin tsoron. Ina za ki samu biyun nan a wuri ɗaya?"

Kullum kuma bayan dodon take. "Yana kwance a kogonsa, wa ya aike su? Da ni ce aka shigo mini gida da wuta a hannu ana neman zinariya, ai abin da zan yi ya fi haka." Shekarar da teku ta ci mijinta Maikolo, shi da kwalekwalensa, ba a ga ko filafili ba, na ɗauka ba za ta so jin wannan shirme ba, na daina kai mata labari. Da aka fita makoki ita ta tambaya. Na ba ta labarin wani dodon ruwa da aka kashe da mashi ɗaya a maƙogwaro. Ta daɗe ba ta ɗaga sanda ba, sannan ta ce, "Wannan aƙalla yana da maƙogwaro."

Abin da ban faɗa mata ba shi ne inda maganganunta ke zuwa. In na koma gida, Hingano zai yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi alade, ya tambayi ko akwai sauran rogo, sannan ya ce, yana kallon wani waje, "Kun yi bugu yau?"

"Mun yi."

"An yi hira?"

"Malam, in tambaya za ka yi ka yi. Ta ce kaguwarka ba ta da laifi."

Da yamma sai ga shi gefen zani ya shaƙe murya, ya ba kaguwa baki: "Ina kwance a ɗakina, wa ya aike ku? Ko sallama babu!" Rumbu ya kece. Kafin nan dodanni gurnani kawai suke yi, shi ma jarumi yake wa magana. Daga lokacin ya koma ba su murya, kowane da tasa, wani mai in'ina, wani mai ƙorafin ciwon baya, wani kullum yana kukan matarsa ta gudu da kifi. Mutane suka riƙa zuwa daga tsibiran maƙwabta a kwalekwale don su ji. Yara na kwaikwayonsa a hanya, tsofaffi na maimaita maganarsa wajen shan kava, ruwan saiwar da maza ke taruwa su sha. Da safe in kai wa Yaya abin da dodo ya ce, ta taɓe baki ta ce, "Ashe yaron nan yana da ɗan hankali." Ban sani ba ko ta gane nata ne ake mayar mata. Ina jin ta gane.

Kada a ce ba mu yi ƙoƙari ba. Na sha ce mata ta bari a yi mata nata daban, Hingano ya kunna ya fita. Sai ta haɗe rai. "A ce Sulieti ta kori ƙanenta daga wajen neman abincinsa don ta kalli ƙadangare? Ki rufa mini asiri." Gaskiyarta ce kuma. Kalma ɗaya daga bakinta, ko da wasa, umarni ce a wurinsa. Da ta ce tana son kallo, da ya sauka ya bar wa wani sandar, kuma babu mai biyan kwakwa don ya ji wani. Da rumbun nan muka yi wa yara kuɗin makaranta, har da nata. Ta san haka sarai, shi ya sa ko a gaban mata sai ta ce ita fim bai dame ta ba, surutun Mafi ne kawai ke rage mata aiki.

Sau ɗaya dama ta samu. Hingano ya kwanta zazzaɓi, wani malamin makaranta ya ce zai riƙe sandar. Na ruga na gaya mata, ta ce za ta duba. Na ga ta wanko tabarmar ƙugunta ta shanya. Da aka buɗe gwangwanin sai aka tarar an yi kuskure a Nuku'alofa, fim ɗin koyar da noman ayaba aka aiko. Wata shekarar kuma ta je babban birni taron coci, ta saci jiki ta shiga gidan silima na gaske, mai kujeru. Ta dawo tana masifa. "Mutane ne kawai ke dukan mutane. Na tambayi yaron ƙofa yaushe dodon zai fito, ya ce an daina yayinsu. In duka nake son gani ai sai in tsaya bakin shago ranar Asabar." Ko rabi ba ta kai ba ta fito.

Sai ciwon suga ya kama ta. Ya fara da ƙafa, ya hau ido. Da farko ta ɓoye, amma ni da ke kusa da ita na ga tana laluben bakin zane da yatsa kafin ta shafa rini. Likitan Pangai ya ce na dama ya tafi, na hagu ma yana hanya, babu abin da za a yi a nan, ƙasar waje kuma an makara. A jirgin dawowa muna zaune har muka hango gaɓa. Ta ce, "Mafi, wancan farin rumbun ne ko coci?" Na ce rumbun ne. Ta ce, "Da na sani, ranar nan da na ƙara minti kaɗan." Shekaru sun kai talatin, ban taɓa jin ta ambaci ranar ba. Na juya ina kallon ruwa don kada ta ji muryata.

Lokacin rumbun ma ya fara mutuwa. Masu 'ya'ya a New Zealand an aiko musu bidiyo, kowa na kallo a ɗakinsa, matasa kuma sun ji Turanci, ba sa neman mai sanda. Kamfanin da ke ba mu hayar fina-finai ya aiko cewa gwangwanin da ke zuwa shi ne na ƙarshe. Da na gaya wa Hingano abin da likita ya ce, da abin da ta faɗa a jirgi, ya ture kwanon abincinsa ya fita. Da ya dawo ya ce, "Zo in koya miki inji."

Na ce, "Sai yanzu? Da na ce ka koya mini ba cewa ka yi hannuna na wanke-wanke ne ba?"

"Mafi, don Allah."

Bai taɓa ce mini don Allah da wannan muryar ba. Na zauna na koya, ya nuna mini yadda ake zura zaren, yadda ake canja faifai, abin da zan yi in ya tsinke. Allah ya taimaka, na ƙarshen na dodo ne, wani mai jikin kunkuru da dogon wuya, an yi shi da arha har yana ba da tausayi.

Ya haƙo doya mafi girma a gonarsa ya ba ni in kai mata, da saƙo. Na ajiye doyar a gabanta na ce, "Yaya, ƙanenki na gaisuwa. Ya ce ranar Alhamis da rana zai tafi kamun kifi, inji kuma in ba a kunna shi ba gishiri na cinye shi. Ni zan kunna, amma ina tsoron zama ni kaɗai a rumbun. Ya ce ko za ki taimaka ki taya ni zama."

Ta shafa doyar daga kai har gindi. "Kamun kifi. Hingano. Wanda ko a tafki amai yake yi."

"Haka ya ce."

"To, in don injin ne."

Ranar Alhamis na toshe duk wata kafa ta rumbun da tabarmi har ya yi duhu, zafi kamar cikin ramin gasa nama. Na je na riƙo hannunta. Ta ɗaura tabarmar coci. Na shimfiɗa mata a gaba, dab da zani, har in ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Janareta na ta ƙara a bayan rumbu. Na kunna, haske ya faɗa kan zanin.

Ta ɗaga fuska, ta karkatar da kai don idon hagu ya samu. Na bar ta. Jirgin baho ya wuce, masu takobi suka sauka gaɓa, suka shiga kogo. Can kunkurun ya ɗago wuya, kiɗa ya tashi. Na dube ta ina jira.

"Mafi."

"Na'am, Yaya."

"Ya fito ne?"

"Ga shi nan a gabanki, ya cika zanin."

Ta matsa gaba da gwiwa. Ta rufe idon dama da tafin hannu, ta buɗe, ta sake rufewa. Ta miƙa hannu ta taɓa zanin, inuwar yatsunta ta faɗa kan wuyan dodon.

"Haske nake gani yana motsi. Wani wuri duhu, wani wuri fari." Ta janye hannun. "Faɗa mini."

Na bar injin na durƙusa kusa da ita na fara, kamar yadda na saba. Wuyan tiyo ne aka naɗe da ƙyalle, bakin ba ya rufuwa daidai, ido ɗaya ya fi ɗaya. Tana ji. Sai janareta ya yi kamar zai mutu, hasken ya dushe, aka ji an taɓa shi ya farfaɗo. Aka yi tari a bayan bango.

Ta juya kai. "Wannan tarin na gidanmu ne. Haka babanmu yake yi."

Na ce, "Injin wutar ne ba ya zama shi kaɗai, Yaya. Ba zai shigo ba. Ya toshe kunne ma."

"Kira shi."

"Yaya?"

"Ke kurma ce? Ido ya tafi, ba zan ga abin da za a ce na gani tare da shi ba. Duk garin nan, har 'yan tsibirin da ba su da coci, kowa ya ji dodon ƙanena yana magana. Ni ce na goya shi. Kira shi."

Na fita. Yana tsugune gefen janareta, hannu duk baƙin mai. Da na faɗa masa sai ya dube ni kamar na ce wani ya mutu. Ya ce ba zai iya ba. Na ce ba ni na ce ba, ita ta ce. Ya goge hannu a zaninsa, ya daɗe yana gogewa, sannan ya biyo ni.

Bai shigo ba sosai. A bakin ƙofa ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, kamar yadda ake zama gaban manya, ya ba zanin gefe, kansa a sunkuye. Tsoho ne lokacin, mai jikoki, furfura har gira.

Ta ce, "Hingano, fassara mini."

Ya ce, "To, Yaya." Ya saci kallon zanin. "Dabbar ta fito daga kogo. Mutanen suna gudu." Ya tsaya. "Ɗaya ya faɗi."

Da irin muryar da yake karanta sanarwa a coci ya faɗa. Ni da na shekara talatin ina jin mutumin nan yana sa rumbu birgima, ban gane shi ba.

"Ba wannan ba," ta ce. "Muryar. Me dodon ke cewa?"

Ya buɗe baki. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, na ga ya shaƙe wuya kamar yadda yake yi in zai fara. A daidai lokacin wata mace ta fito kan zanin, rigarta a yage har cinya, tana ihu. Ya kawar da kai da sauri ya dubi ƙasa, duk da wacce yake jin kunyarta ba ta ganin komai. Ya sake gwadawa. Wani ɗan sauti ya fito, ba magana ba, ba gurnani ba, ya maƙale. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ina tsakaninsu a durƙushe, na ji kamar in kama shi in girgiza, na ji kamar in shaƙe tawa muryar in yi masa, amma tawa ta riga ta ji har ta gaji. Babu abin da zan iya yi wa ko ɗayansu.

Ta jira. Ta jira sosai, fuskarta na wajen ƙofar. Turawan na ta surutunsu, kunkurun na ta gurnani.

Sannan ta ce, a hankali, "Mafi, ce masa ya koma wajen injinsa. Na takura masa."

Yana nan, taku kaɗan tsakaninsu, ya ji da kunnensa. Duk da haka na juya na ce, "Ta ce ka koma." Ya ce, "A yi mata godiya." Ya tashi a sunkuye ya fita da baya, ya ja tabarmar ƙofa ya rufe.

Ba ta ce a kashe ba, ni ma ban kashe ba. Na canja faifai na dawo na zauna gefenta. Ba ta sake cewa in faɗa mata ba, da ta ce ma ba zan iya ba. Ta zauna a miƙe, hannuwa kan cinya, haske na wasa a fuskarta, fari, duhu, fari. Ita nake kallo. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba, sai na ji kiɗa ya tashi da ƙarfi, zaren ya ƙare yana kaɗawa, zanin ya koma fari fat.

"An gama?" ta ce.

"An gama, Yaya."

"Sun kashe shi?"

"Ina jin sun kashe."

"Da me? Ta ina suka same shi?"

Na dubi zanin, babu komai a kai. Na ce, "Ban gani ba, Yaya."

Fuskarta na kan farin zanin.

"Ke ma?" ta ce.